Atika a Bakin Ƙofar Bincike

Atika ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. In ka taɓa cin soyayyen kifi a bakin tafkin Madarunfa, da wuya in ba daga kaskonta ya fito ba. Mace ce mai hannu, amma ba ta da baki. Tun muna yara, in an taka ta ita ke ba da haƙuri. Ni Binta ban ɗauko wannan hali ba, shi ya sa nake ba da labarin, don in ta ita ce har ta koma ga Allah ba wanda zai ji.

Ta daɗe a gidan mijinta Salisu ba ta ga ɗan kanta ba. Samun cikin tana yi, zama ne ba ya yi. Ɓari kan ɓari, har ta kai in ta ga ana wankan jariri sai ta ƙirƙiro aiki a bayan ɗaki. Ba saiwar da ba ta sha ba, ba rubutun da ba a wanke mata ba. Bara da damina ta ja ni gindin rumbu, ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, na ga kamar an samu.” Ko ni da muka sha nono ɗaya ba ta iya ce mini ciki ba. A wurinmu mace ba ta furta wannan, balle a gaban surukai, sai dai zane ya tona.

Ana haka ƙanen Salisu da ke aiki a ƙasar waje ya biya wa iyayensu Umra, ya ƙara kujera ɗaya ta wadda za ta riƙa kama mahaifiyarsu Inna Kulu, don gwiwoyinta sun gaji. Salisu na can ci-rani a Najeriya. Inna Kulu ta tsallake ƴaƴanta mata ta ce Atika take so. Atika ta yi murna har da kuka, ta ce a gaban Ka'aba za ta roƙi wannan ya zauna.

Sai ga Habibu mai cajin waya da tasa masifar. Kullum yana da sabuwar murya a wayarsa, ta wani da ba a san ko ɗan wane gari ba ne. Ya kunna wa mata a bakin tafki: wai ƙofar da ake bi a filin jirgi tana da wata wuta mai ratsa jiki, in mai ciki ta bi, abin da ke ciki ya dahu kamar ƙwai. Yahaya direba ya ce ƙarya ce, ƙofar ko almakashi ba ta ganewa, ado ne kawai. Wani ya ce tsiraicin mutum take nunawa. Suna ta musu suna dariya, Atika na juya kifi tana jin su.

Na ja ta wajen Loisa, ma'aikaciyar asibiti da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare. Loisa ta ce, “Ƙofar nan ƙarfe take nema, ba ruwanta da cikinki. Mata nawa suka bi suka haihu lafiya? In kuma ranki bai kwanta ba, ki gaya wa ƴar sandar kina da ciki, ki roƙe ta ta laluba ki da hannu.” Atika ta ce to. A hanya na maimaita mata har bakina ya bushe, ta sake cewa to. Wallahi na san wannan to ɗin nata, ba shi da gindi.

Abin da ya faru a filin jirgin Yamai, wata Hajiya ƴar Safo da suka tafi ayari ɗaya ce ta ba ni, don ita Atika guntu-guntu ta faɗa. Surukin Atika, Malam Zakari, mahaifin Salisu, ya wuce ƙofar. Aka turo Inna Kulu a keke, aka laluba ta, ta wuce. Suka tsaya daga ciki suna jiranta, kusa ƙwarai, ko tari ta yi za su ji. Atika ta zo bakin ƙofar ta kafe. Ƴar sanda ta yi mata magana da Faransanci, ta koma Hausa: “Baiwar Allah, wuce mana. Lafiya? Akwai wani abu ne?”

Atika ta ɗaga ido ta ga Malam na kallonta, ta mayar da kai ƙasa.

Aka lallashe ta, aka yi mata tsawa. Malam ya ce, “Ke Atika, wace irin wauta ce wannan? Taho.” Ta ce, “Baba, a yi haƙuri.” Ƴar sandar ta kama hannunta za ta ja ta gefe, ita kuwa ta zaci cikin ƙofar za a tura ta, sai ta fizge ta durƙushe a ƙasa ta rungume jikinta. Daga nan magana ta lalace. Wanda ya ƙi bincike ba ya shiga jirgi, aka fitar da ita waje. Jagoran ayari ya ce ba zai tsayar da mutane don mace ɗaya ba, ya damƙa ta ga wani ɗan garinmu ya sa ta a kar, babbar motar fasinja mai zuwa Maraɗi.

Ba ta ci komai ba, ba ta sha ba, tana can kujerar baya inda kowane rami sai ya ɗaga mutum. An wuce Dogon Dutsi ta ji mara ta ɗaure. Kafin Ƙonni jini ya ɓalle. Ko a nan ba ta yi magana ba, sai da matar da ke gefenta ta ga zanenta ta yi salati. A asibitin Ƙonni na same ta. Ko hanyar ce, ko tashin hankalin, ko dama ba mai zama ba ne, likita ya ce ba zai iya rantsewa ba. Na so in shaƙe Habibu, na so in shaƙe ta, na rasa wa zan kama, sai na zauna a ƙasa na yi ta kuka kamar ni aka yi wa.

Gari ya ɗauka iskoki ne suka buge ta. Ta daina zuwa bakin tafki, kaskon ma ni na ɗauka.

Da su Malam suka dawo, Inna Kulu ta sa aka kai ta ɗakin Atika, ina zaune. Ta zauna tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, “Tun kafin mu tashi na gane, ɗiyata. Don shi na ce ke nake so, in kai ki ki roƙa da bakinki. Da kika tsaya a ƙofar nan na san abin da ya tsayar da ke. Na buɗe baki zan gaya wa ƴar sandar nan, sai na ga Malam a gefena.”

Atika ta juya fuskarta bango. Inna ta ce, “Na roƙa masa a can, kullum. Ban san babu shi ba.”