Awa biyu zuwa Yamai

Ranar wata Litinin aka bugo waya shagon Baffa, ƙanen mahaifina, a Adjamé: jikin Baba ya yi tsanani a Madawa. Shekara uku ke nan da Baba ya bar kasuwancin atamfa ya koma gida Nijar, ya bar ni a Abidjan inda aka haife ni, ina aikin ofis a Treichville.

Ko da na isa shagon, Baffa ya riga ya ɗaure kayansa.

"Kar ɗin Yamai na tashi da la'asar," in ji shi. "Ɗauko jakarka mu tahi gar."

Kar ita ce babbar motar nan ta gar, wato tashar Adjamé, wadda na shiga sau ɗaya ina yaro na rantse ba zan sake ba. Na ce masa, "Baffa, ku za ku yi kwana uku kuna fama da shingaye. Jirgi akwai ran Alhamis, bai kai awa biyu ba. Ni zan tarbe ku a can."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗan lakwal ke nan. To a ƙofar gidan ubanka jirgin ke sauka?"

Na ji haushi, don na tsani a yi mini gorin boko. Na je na sayi tikiti, har da ɗan girman kai.

Kwana ukun nan ban san inda zan sa kaina ba. A ofis na buga takarda ɗaya sau huɗu. Na yi azahar a babban masallacin Treichville, na fito na rasa inda na ajiye takalmana alhali suna hannuna. Da yamma sai in tsallaka gada in koma tashar Adjamé ba gaira ba dalili, in tsaya ina kallon 'yan dako na ɗora buhuna, 'yan kamasho na jan rigata suna ihun Wagadugu, Yamai. Ran Talata har na sa ƙafa a matakalar wata mota, sai lissafi ya ce mini yanzu ai jirgin zai riga ta. Na sauko. Na koma ɗaki na buɗe taswirar makaranta ina auna Abidjan zuwa Yamai da yatsa, kamar hakan zai matso da Alhamis.

Jirgin bai yi ƙarya ba, ko shayin da aka ba ni ban shanye da kyau ba muka sauka. Abin da na bari a gefen lissafi shi ne Yamai ba Madawa ba ce. Motocin safe sun tafi, wadda na samu sai da ta cika, a hanya kuma ta yi faci. Da hantsin Juma'a na shiga gida, na tarar da tabarmi a ƙofa da mutane zazzaune. An binne Baba tun la'asar ɗin jiya.

Baffa ya iso tun Laraba da magariba, ƙafafunsa a kumbure. Bai yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai da na matsa masa ya faɗa mini. Da Baba ya gan shi shi kaɗai ya tambayi inda nake, Baffa ya ce masa ina tafe a jirgin sama.

"Sai ya ce, to ai ya kusa. Ya sa muka juya mishi shimfiɗa ta fuskanci ƙofa."