Kwandon Baba Stamena

Ba a taɓa yin mace mai taurin kai a ƙauyenmu kamar Baba Stamena ba, ni kuwa har gobe ina gode wa Allah da ya yi ta haka.

Mijinta manomin inabi ne a kan tudun da ke kallon kogin Danub, kusa da garin Karlobci. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Turkawa da Ostiriya, sojoji suka ƙone gonakin ƙurmus, shi ma ya rasu a hanyar gudu. Kurangar inabi guda ta tsira, ita ce Baba ta tono ta dasa a kwando. Ta rantse ba za ta mayar da ita ƙasa ba sai an daina yaƙi.

Mu kuwa gudu ya zame mana sana'a. Da an ji igwa, kowa ya suri abin da zai iya, sai cikin kyauron bakin kogi. Wasu hatsi, wasu akuya, Baba kuwa kwandonta a baya. Mijina Gligor ba ya raga mata.

"Baba, wannan goyon naki yaushe za a yaye shi? Ko kuka ba ya yi!"

"Ya fi ka amfani, ɗan nema. Shi aƙalla ba ya surutu."

Shekaru suka tura, bayanta ya ranƙwafa. Aka ce manya sun taru a Karlobci suna maganar sulhu, muka ce mun saba ji.

Wata safiya cikin tsananin sanyi igwa ta tashi, irin wadda ba mu taɓa ji ba. Muka zuba a guje. Sai da muka kai kyauro na lura ba Baba. Na koma ina zaginta a zuci, na iske ta zaune bakin ƙofa, kwando a gabanta.

"Tashi mana, Baba!"

"Na gwada, 'yar nan, ƙafa ta ƙi. Ɗauki wannan ki tafi. Ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan."

Haushi ya kama ni, ga tsoro. Na ƙi ɗauka, na kuma kasa tafiya, sai na zauna kusa da ita ina kuka. Can sai ga mahaya biyu, ɗaya da rawanin Turkawa, ɗaya da hular Ostiriya, suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Na ce tamu ta ƙare.

Mai hular ya ce da harshenmu, "Ina mutanen garin?"

Baba ta ce, "Kun kore su da igwarku."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ta murna ce, Iya! An sa hannu, yaƙi ya ƙare. Ba ku da inabin da za a yi biki?"

Ta nuna kwando. "Ga shi nan. Ku dawo baɗin baɗaɗa."

Da ƙanƙara ta narke, Gligor ne ya goya ta zuwa tudun, ni na ɗauki kwandon. Da hannunta ta tura ƙasa a kan saiwar. Ba ta ga 'ya'yan kurangar na fari ba, kafin nan ta rasu.

Duk inabin da ke kan tudun nan yau daga reshen wannan kurangar aka dasa shi, da shi muka rena 'ya'yanmu. Gligor ya tsufa yanzu, amma duk shekara nonon inabin farko da ya nuna shi ke kai mata kan kabari, ya ce, "Baba, ga goyonki ya girma."