Tatsuniyar da Kaka Ta Ɗauko Daga Majigin Isa

A shekarun farin nan da ruwa ya yi mana rowa, wutar hirarmu ta busasshen kashin shanu ce, kuma shanun da suka yi shi duk sun mutu. Garinmu yana kusa da Tsamaye. Da an yi sallar isha mu yara sai mu kewaye Kaka Inno a ƙofar ɗakinta, cikinmu ba komai sai kwaɗon tafasa, ita kuma ta cika mana ragowar gurbin da tatsuniya. Tsohuwa ce mai tsiya. Ni Maigida take ce mini, wai ni ne mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai baki.

A lokacin gidanmu ba lafiya. Babana ya rasa garkensa kaf, saniya bayan saniya, tun daga nan ya daina magana. Kullum da asuba sai ya tafi garken da babu komai, ya shimfiɗa dangwalin da ake ɗaure maruƙa, ya hura hayaƙi, ya tsaya kamar mai jiran a kawo ƙwaryar tatsa. Manya suka kafa doka: kada wanda ya ambaci saniya a gabansa, kada ciwon ya tashi. Ko nono aka yi sha'awa, sai a raɗa. Duk da haka abin bai sauya ba, har ƙanensa Baffa Nomau ya ce a kai shi garin Isa wurin wani malami mai sa wa masu taɓin hankali mari. Na taɓa ganin mutum cikin mari, ƙarfe ya ci masa idon sawu. Tsoron da na ji ba ya faɗuwa.

Kaka kuwa bakinta a ɗaure yake. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle ta nuna tausayinsa a gaban mutane. “Wancan” take ce masa. Ta dai bi Baffa zuwa Isa don ta ga wurin da idonta, suka kwana biyu, suka dawo an sa ranar kai shi.

Daren da suka dawo muka taru. Baba yana can jingine da rumbu inda hasken wuta ba ya kaiwa sosai, Baffa yana gefe yana gyaran takalmi.

“Ga ta nan, ga ta nanku,” in ji Kaka. “Amma ta yau ba kura ba zomo. Ga majigi niɗ ɗauko ta.”

Ashe a daren farko da suka kwana can, motar majigi ta zo Isa, an kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, jikokin masu masaukinta suka ja ta. Bayan an nuna yadda ake zuba taki, abin da ya ba mutane dariya tunda ko shuka ba ta fito ba, sai mai majigi ya sa wani fim na Turawa.

Wani Bature ne, in ji ta, kullum ya farka sai ya tarar abu guda ya ɓace a gidansa. Yau kujera, gobe madubi, jibi ƙofar ɗaki ta zama bango. In ya tambayi matarsa sai ta ce ai ba su taɓa yin kujera ba. Rannan karensa ya ɓace, maƙwabta suka rantse bai taɓa kiwon kare ba. Shi kuwa kullum sai ya zuba abinci a kwano ya ajiye a bakin ƙofa. Ana nan ya fita titi, ya hango wani mutum a gabansa ɗauke da kujerar da madubin, kare yana bin sa. Ya bi shi, ya bi shi, mutumin ya waiwayo, sai ga fuskar shi Baturen ce sak.

Kaka ta fi jin daɗin ba da labarin ’yan kallo. Wani mahauci ya yi ta ƙwala wa Baturen kira, “Kai, matarka ta ka kwashe su!” Wani tsoho ya tofa addu'a ya ce aikin iskoki ne, ya ja jikansa suka bar wurin. Samari suna fito, su dambe suka zo gani. Mai bayani da lasifika, wanda aikinsa ya fassara wa jama'a, ya yi ta kame-kame har ya gaji ya ce, “Jama'a, ku yi haƙuri, wallahi ni ma ban gane ba.” Da mutumin ya waiwayo sai ƙyalle ya yi fari. Aka zauna ana jiran a gyara inji, mai majigi ya ce ai ya ƙare ke nan. Wani har ya zagaya bayan ƙyallen ya duba ko Baturen yana can. Washegari a kasuwa, in ji ta, masu cewa mahaukaci ne da masu cewa mafarki yake yi saura kaɗan su ba hammata iska.

Nan ta tsaya da labarin ta tura kara cikin wuta.

“Kaka, ƙarasa mana! Ba ki ce ƙurunƙus ba!”

“Maigida, abin da ba a ƙare ba, ina za ni rufe shi? Ku hwaɗa mini, mi ad damuwar mutumen ga?”

Muka yi ta harbo amsa. Baffa, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, “Inna, wanga ai hauka ta. Mai ba karen da babu shi abinci, sai a ɗaure.”

Sai muka ji murya daga wajen rumbu, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

“Ba hauka ba ta.”

Muka waiwaya. Baba ne.

“Ya san karen ya tahi. Amma kowa ya ce ba a taɓa yin shi ba. In ya bar aje kwanon, ya yarda da su ke nan.”

Kaka ba ta dube shi ba. Ni ta duba, idonta yana ƙyalli. “Maigida, tambayi wancan, mi za a yi ma mutumen?”

Ban ma buɗe baki ba Baba ya ce, “A samu mutum guda ya ce mishi, na san karenka, ja na.”

Tsohuwar nan ta gyara zama, ta karya dokar gida a gaban kowa. Ta fuskance mu ta fara: akwai wata saniya Tauraruwa, mai farin goshi, ita aka ba wancan kyauta ranar sunansa. Ta haifi Mai Ƙaho Ɗaya, ita kuma ta haifi ’Yar Gata wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har jikoki. Baffa ya ajiye takalmi ya ce, “Kin manta Baƙar nan da ta halbe ni ga gwiwa.” Baba ya yi wata irin dariya da ta juye kuka. Ban taɓa ganin babba yana kuka haka ba, kuma ban taɓa jin sanyi a raina kamar na daren ba.

Ranar da aka sa ta zo ta wuce, ba wanda ya tayar da zancen Isa. Ba wai Baba ya warke nan take ba ne. Ya ci gaba da zuwa garke, sai dai yanzu Baffa yakan raka shi, su tsaya suna hirar shanun.

Na girma na kalli irin waɗannan finafinai a Sakkwato, na ji masu ilimi suna musu a kan ma'anarsu, wani lokaci har da ni. Amma idona yakan tafi kan wanda ya yi shiru a cikin taron, don na san mai yiwuwa shi ba kallo ya yi ba, kansa ya gani. Mun so Baba, shi ya sa muka yi masa shiru, kuma shirun namu ya kusa kai shi mari. Kaka da kunya ta hana ta ce wa ɗanta ko sannu, sai ta je har Isa ta samo hanyar faɗa masa.

Da ruwan farko ya sauka, Baba ya naɗe dangwalin ya kawo ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ɗauki kalme ya nufi gona. Kaka ta daɗe tana kallon igiyar. Sannan ta kira ni.

“Maigida, bi wancan da gudu. Ka ce mishi na ce ƙurunƙus.”