Ranar da Na Ƙarasa Labarin Mashigi

Garinmu tsoho ne, yana bakin gulbi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Abin da baƙi ke zuwa gani bai taka kara ya karya ba: guntun ganuwa da awaki suka mayar wurin hutawa, ramukan marina da yashi ya cike, sai mashigin da fatake ke tsallakawa da jakunansu a zamanin da. Ni na gaji da ganinsu, amma mutum zai ƙona mai tun daga Katsina don ya ɗauki hoton rami.

Gidanmu ke riƙe da tarihin garin. Ba a ba da shi a zaure, sai an taka zuwa kowane wuri an tsaya a kansa. Kuma duk ɗan gidan da ya buɗe baki ya ba baƙi labarin mashigi, wanda shi ne labari na ƙarshe, to ya karɓi gado, ba shi ba barin gari. 'Yan'uwana sun farga da wuri, suka tsere Kaduna. Ni aka bari, don idon Baba ya mutu, sai an ja masa sanda. Ina kai shi, amma bakina a kulle. Yayana ya riga ya samo mini aiki, bayan kaka zan tafi.

Wata Asabar ɗalibai suka zo da malaminsu. Baba ya yi musu bayanin ganuwa, ya yi na marina. Muna isa mashigi tari ya sarƙe shi. Aka ba shi ruwa, ya gwada, murya ta ƙi. Ɗalibai na tsaye, dattawan gindin tsamiya sun zubo mana ido. Ya lalubo hannuna ya matse.

"Kai, kada mu ji kunya. Ida masu."

"Baba, su jira ka huta mana."

"Yo baƙi ne fa, cikin rana suke."

Na ƙarasa. Abin da ya fi ba ni haushi, ko kalma ɗaya ban manta ba. Har yau kuma ban sani ba ko tarin nan na gaskiya ne.

Dattawa suka taso suna sa mini albarka. Motar ɗaliban ta hau titi, ina tsaye ina ɗaga musu hannu.

Da la'asar yayana ya bugo waya, yana tambayar ranar da zan taso. Baba na zaune a gefena, ya karkato kunne. Na ce wa yayana ya ba wani mutum aikin.