Igiyar da Yaya Ya Riƙe

Yayana bai taɓa gudu ba a rayuwarsa. Ko muna yara, in kare ya biyo mu, ni ce mai ranta a na kare, shi kuwa tsayawa yake yana ba karen haƙuri. Da ya girma ya kama aiki a wani katafaren ɗakin sanyi inda ake ajiye kifi da kaji. Da dako ya fara, ya zama shugaban masu lodi, a nan furfura ta same shi. Abokan aikinsa Ƙanƙara suke ce masa, saboda sanyin wurin da sanyin halinsa. Ni kuwa Auta yake ce mini har yau, da jikokina da komai. Tun da matarsa ta rasu na dawo gidansa, na buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Ni ce girki, ni ce wanki, ni ce faɗa, don dole a samu mai faɗa a gida, shi kuma ba zai yi ba.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Dogo, kuma shi ne mai gudun. Tun yana sakandare yake kwaso kofuna yana jerawa a kan talabijin. Gyaran lantarkin mota ya koya, yana aiki a gareji, da sassafe yana atisaye da ƙungiyarsu. Burinsa ɗaya, gudun fanfalaki na garinmu, kilomita arba'in da biyu da ɗoriya. Ana nan batirin wata mota ya fashe masa a fuska. An yi jinya, an yi aiki, ido bai dawo ba.

Ba makantar ce ta kwantar da shi ba. Wata rana wani abokinsa ya ja shi zuwa aski, wayar abokin ta yi ƙara, ya saki hannun yaron don ya amsa. Dogo ya ƙara taku ya zurma cikin kwata, mutane suka taru a kansa ana ta ayya. Daga ranar ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ba wanda ya isa ya kama hannunsa sai ubansa. Ni da na goya shi, in na miƙa hannu fizgewa yake, abin ya ci mini rai ba kaɗan ba. Saurayi kamar wannan yana ruɓewa a kan katifa muna kallo.

Kocinsu ne ya zo da maganar. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce makafi ma suna shiga tseren. Ana haɗa mutum da ɗan jagora, su riƙe wata 'yar gajeriyar igiya, kowa ya zura hannu a bakinta ɗaya, su yi gudun kafaɗa da kafaɗa. Ya ce yana da yara masu ƙafa da za su so su ja shi.

Dogo ya yi wata dariya marar daɗi. "In Baba ne zai riƙe igiyar, zan yi."

Kowa ya san korar Koci yake yi. Yaya yana zaune da tumbinsa, yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Sai ya ce, "To, zan riƙe."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "Yaya, kai da matakalar gidan nan take sa ka haki?" Ya ce, "Auta, ɗauko mini tawul."

Ya sayo wa yaron tsohon injin gudu na hannu, aka kafa a ɗakinsa, ɗakin da taga ɗaya gare shi kuma fankarsa ta mutu. Kullum sai mu ji dif, dif, dif, Dogo yana gudu a wuri ɗaya, zufa tana taruwa a ƙasa sai na goge da tsumma. Shi kuma Yaya ya ce ba zai fita da yaro ba sai ya iya, kada ya ba shi kunya. Ranar farko da ya fita layi da gajeren wando, masu shaguna suka fito suna tafi, mai faci ya ce ko gobara ake yi. Ya juya ya dawo gida. Washegari ya ce ya samu wurin atisaye, zai riƙa fita aiki da wuri.

Garinmu a bakin ruwa yake. Da damina iskar kanta a jiƙe take. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka koma sharkaf. Shanya takan kwana a igiya ba ta bushe ba, gishirin shagona ma dunƙulewa yake. To a irin wannan gari, ni mai wanki, na lura rigar atisayen Yaya kullum a bushe take dawowa. Ba zufa ko ɗigo, sai ƙarnin kifi. Raina ya ɓaci. Na ce wato yaudarar yaron yake, ya bar shi yana kashe kansa a kan inji shi yana can yana shan shayi. Na ɗaura gyale na bi shi wurin aiki da niyyar in yi masa tatas.

Mai gadi ya ara mini wata jibgegiyar riga, ya ja mini ƙofar ƙarfe. Sanyi ya mare ni. Tsakanin dogayen layukan kwalaye, can na hango mutum da hular sanyi da safar hannu, hayaƙi yana fita daga bakinsa, yana gudu. Ya kai ƙarshen layi, ya zagayo, ya wuce ni, ya sake zagayowa. Yayana ne. Tumbin nan babu shi, ashe manyan riguna ne suka ɓoye mini. Na tsaya baki buɗe har haƙorana suka fara kaɗawa.

"Nan ba mai yi mini dariya," in ji shi da ya tsaya. "Kuma ba gumi. Sai in yi ta yi ban gaji ba, ko ruwa ba na nema."

Masu lodi suka ce ai Oga ya yi dabara, na waje suna wahalar banza. Wallahi duk wanda ya gan shi ranar sai ya yarda da su. Na koma gida ina share hawaye, na ƙara masa nama a miya.

Saura 'yan makonni tsere, Yaya ya ce lokaci ya yi, za su gwada doguwar tafiya tare. An kwana ana ruwa, gari ya waye ba iska ko kaɗan, rana ta fito a kan jiƙaƙƙen titi yana tururi. Dogo ya fito ƙofar gida, karo na farko tun ranar kwata, ya zura hannu a igiya. Mai facin nan da bakinsa ba ya shiru, ranar cire hula ya yi. Na ɗauki ɗan acaɓa na bi su da gorunan ruwa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ƙafa ɗaya suke ɗagawa, Yaya yana cewa, "Rami a dama, hawa, sauka." Na miƙa ruwa, Dogo ya karɓa ya sha ya zuba a ka. Yaya ya girgiza kai, wai shi bai saba ba, cikinsa zai yi nauyi. Rigarsa ta manne masa, zufa tana zuba har cikin takalmi, amma ba ta bushewa. Na sake miƙawa a gaba, ya ture. Fuskarsa ta yi wani iri, idanunsa sun yi ja. Na ce ya tsaya, ya ce, "Auta, kada ki karya wa yaro gwiwa."

A wata mahaɗa danja ta tsayar da mu, ga tirela ta gitta, suka ɓace mini. Abin da ya faru a gaba Dogo ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce igiyar ce ta fara gaya masa, ya ji tana ja hagu tana ja dama. Sai Baba ya daina faɗin ramuka, ya koma kiran lambobin kwalaye, yana cewa a rufe ƙofa sanyi yana fita. Ya laluba ya taɓa damtsensa, ya ji zafi kamar murfin tukunya. Kafin ya ce wani abu igiyar ta fizge shi ƙasa.

Da muka iso, abin da na gani har in mutu ba zan manta ba. Motoci suna kaucewa suna hon. Dogo ya cicciɓi ubansa a kafaɗa, yana tsaye a tsakiyar titi, bai san gabas ba bai san yamma ba, ya miƙa hannu ɗaya cikin iska yana cewa, "Wani ya kama hannuna. Don Allah ko waye, ya kama hannuna ya kai ni inuwa."

Ban ma kai ga sauka daga babur ba. Wata mai sayar da lemo ce ta ratsa motoci, ta damƙi hannunsa, ta ja shi ƙarƙashin rumfarta. Ta kifar da kular lemonta gaba ɗaya a kan Yaya, ruwa da ƙanƙara da kwalabe, ta cusa masa ƙanƙara a hammata da wuya, muna yi masa fifita da kwali har aka samu mota.

Likita ta ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ta ce jikinsa ne ya yi zafi fiye da kima, har ƙoda ta taɓu. Ta tambayi inda yake atisaye, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce a gari irin namu zufa ba ta bushewa, in ba ta bushe ba kuwa jiki ba ya hucewa, don haka mai gudu sai ya saba wa jikinsa da wannan gumin sannu a hankali, ya koyi shan ruwa yana tafe. Ƙafafun Yaya sun koyi gudu, zuciyarsa ta koya, amma jikinsa bai taɓa haɗuwa da zafi ba. Shi kuwa Dogo, ɗakin nan marar fanka da nake tsine wa, shi ya gasa shi ya shirya shi. Ta ce ga Yaya dai batun tsere a bana babu shi, wataƙila har abada.

Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da aka fita da matarsa. Amma ranar nan a asibiti ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Igiyar tana hannunsa, don da ya farfaɗo ita ya fara nema.

"Na kashe shi, Auta," ya ce. "Zai koma ɗaki."

Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Dogo yana zaune a bakin gado. Sai ya ce, "Goggo, matar nan da ta ja ni, kin san ta?"

Na ce ban taɓa ganinta ba.

"Ni ma ban san ta ba," ya ce. Ya laluba har ya samu hannun ubansa. "Baba, ba ni igiyar."

Yaya ya ƙara damƙewa. Yaron ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ya zare ta. Na ɗauka jefarwa zai yi. Sai ya ce in kira masa Koci, ya turo wanda ba ya amsa waya a hanya.

Ranar tsere Yaya ya sa masu lodi suka kawo masa kula cike da ƙanƙara, muka tsaya a gefen titi kusa da ƙarshe, yana miƙa wa duk wanda ya wuce. Ya gargaɗe ni kada in kira sunan yaro in raba masa hankali. Can sai ga su, Dogo da wani siririn saurayi, igiya a tsakaninsu, duk sun jiƙe kamar an tsamo su daga rijiya. Na toshe bakina da gyale. Sun zo daidai mu Dogo ya juyo da kai, ya buɗe hanci.

"Baba, na ji ƙarnin kifi," ya ce, yana haki yana dariya. Bai tsaya ba.

Muka bi bayansu da kallo har suka shige cikin jama'a. Da na waiwayo, na ga hannun Yaya na dama a dunƙule, yana kai shi gaba yana dawo da shi, daidai da takun yaron. Na kama hannun na riƙe.

Na ce, "Yaya, saki. Ya wuce."