Ranar da na mayar da aska cikin zabira

Shekarun baya can, samarin yankinmu suka daina zama a gabana, suka koma shagunan aski na zamani. Ni wanzami ne, gado na yi wurin mahaifina. Sai in wuni a kasuwar Maigatari ban aske fiye da tsofaffi uku ba, in koma ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar ina jin nauyin haɗa ido da mai ɗakina.

Ana haka wata ƙungiya ta 'yan yankinmu, yawancinsu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya masu ritaya, ta buɗe koyar da sana'a a Gumel. Mata ɗinki da haɗa sabulu, mu wanzamai kuma askin inji, duk wanda ya kammala a ba shi injin mai aiki da hasken rana. Ba zan ɓoye muku ba, injin na je wa. Sai dai kowace safiya, kafin a taɓa shi, dole mu saurari wata dattijuwar malamar asibiti. Can baya nake zama ina gyangyaɗi, ina cewa a raina me matar da ba ta taɓa wasa aska ba za ta koya wa jikan wanzamai.

Ba ta taɓa kushe sana'armu ba, abin da ya sa na fara buɗe kunne ke nan. Cewa take mu ne muke ganin jariri kafin su ma'aikatan asibiti. Roƙonta ɗaya: kafin mu buɗe bakin jariri, mu fito da shi haske mu duba idonsa. In ya yi rawaya, ga shi ba ya kama nono, to ciwon shawara ne, a tafi asibiti a ranar.

Bayan wata biyu matar abokina ta haihu, mace. Kwana uku jaririyar ta ƙi nono, mahaifiyar abokin nawa ta aiko in zo in cire belu, wato ɗan naman nan na maƙogwaro da muka taso ana cewa shi ke hana yaro sha. Gidan nan mahaifina ya yi musu aiki shekara da shekaru. Na zauna, na buɗe zabirata, har na zaro aska. Sai maganar dattijuwar nan ta faɗo mini. Na ce a miƙo mini yarinyar nan tsakar gida.

Idonta kamar an ɗiga masa manja. Jikinta lakwas, ko kukan kirki ba ta yi. Na mayar da askar.

"Inna, wannan ba aikina ba ne. Gumel za a kai ta, yanzu."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ubana bai taɓa buɗe zabira a gidan nan ya rufe ta haka ba, kuma ba a fita da mai jego kwana uku da haihuwa. In na manta aikin gidanmu, akwai wanzami a ƙauyen gaba. Abokina ya tsaya tsuru-tsuru tsakanina da mahaifiyarsa. Sai kawai na buɗe idon yarinyar na ce ya matso ya gani da kansa. Yana cikin dubawa mai jegon ta fito daga ɗaki da hijabinta a jiki.

"Inna, ki yafe mini. Zan tafi da ita."

A babur ɗina da na abokina muka kai su. Aka kwantar da yarinyar ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, malamin da ya karɓe ta ya ce da mun ƙara kwana, da labarin ya bambanta.

Aka raɗa suna tana asibiti. Ba a gayyace ni ba, kasona na naman suna ma wani aka kai wa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ce bai yi ba.

Kwana biyu da sallamo su, Inna ta aiko in zo in yi askin suna. Ba ta ɗago ta dube ni ba har na gama. Ina tattara kayana ta ce, a hankali, "Ɗan nan, duba mini idonta kuma."

Har yau in na tuna yadda askar nan ta riga ta fito, sai gabana ya faɗi. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen da suka ɗauki wanzamin ƙauye da daraja har suka zaunar da shi suka koya masa, da dattijuwar da ta haƙura da gyangyaɗina. Allah Ya saka musu da alheri. Yarinyar tana aji huɗu yanzu, da belunta a wuya, kuma duk unguwar ba wanda ya kai ta surutu.