Ga Ƙanwata Malamar Tuƙi, da Motarta da Aka Ɗora Kan Jak

Ranar Talata, sha tara ga watan Maris, da hantsi, ƙanwata malamar tuƙi ta rasu a asibiti bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Allah ne ya ba mu ita, Shi ya karɓi abarSa, kuma kowannenmu yana kan hanya. A kan wannan ba ni da ja. Abin da nake ja a kai shekara da shekaru shi ne motarta. A zaman makoki an yi ta taɓa mini gwiwa ana cewa in yi shiru, nan ba wurin maganar ba ne. Na yi shiru. Yau ga wurin maganar ya samu. Amma da ke zan fara, ƙanwata, shi kuma wanda nake da magana da shi ya jira, zan iso kansa.

Kusan shekara talatin kika yi a kujerar da ake kira ta mai zaman banza, alhali babu zaman da ya kai naki wahala. 'Yar ƙaramar motar makarantarki birki biyu gare ta, ɗaya na ɗan koyo, ɗaya naki, ƙafarki kuma kullum tana shawagi a kan naki. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba miki Malama Birki, kina ji kina dariya. Daga safe zuwa la'asar kina zagaya fili ɗaya da tituna uku a gudun da mai keke zai wuce ku, a gefenki wani yana zufa yana kashe inji a tsakiyar shataletale, na baya suna zabga ham. Ban taɓa jin kin ɗaga wa ɗan koyo murya ba.

Na tuna matar nan da mijinta ya rasu ya bar mata mota da yara huɗu, wadda ke tsoron mota tun kafin ta taɓa makulli. Ta faɗi gwaji har ta ce ta haƙura. Kika riƙa bin ta gida ranar hutunki, ku ɗauki yaran ku je makarantarsu ku dawo, har hanyar ta zauna mata a ƙafa. Ita ce ta zo makoki tuƙe da babbar motar ɗaukar ɗalibai, ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka kamar 'yar da kika haifa. Na tuna kuma telan da ya saka ribas a maimakon giya ta ɗaya ya rushe miki katangar ofis. Ya fito zai gudu, kika riƙe masa hannun riga kika ce, "Koma ciki. Katanga ta riga ta faɗi, saura kai, kuma kai ba zan bari ka faɗi ba."

Ni ma ɗalibinki ne. Lokacin da aka raba ni da kwalejin da na ba ƙuruciyata, aka ba wa wanda na koyar kujerata, aka karɓe motar ofis da direbanta, na wayi gari ina da shekara hamsin ban san inda kuloci yake ba. Mutane sun ɗauke ƙafa daga gidana. Ke kika zo da 'yar motarki kika yi ham a ƙofa. Ranar farko na damƙi sitiyari har jijiyoyin hannuna suka tashi, kika dube ni kika ce, "Yaya, sassauta, ba wuyan shugaban kwalejinku ba ne." A wannan shekarar babu wanda ya ba ni dariya sai ke.

Abin da ɗalibanki ba su sani ba shi ne Malama Birki gudu take so. Ni na sani, don ni ke ɗaure miki gwiwa duk ranar da kika saci keken Baba kika sauko gangaren bayan gidanmu ba ki taɓa birki ba. Kin danne wannan son duk tsawon aikinki saboda rayukan 'ya'yan mutane suna hannunki. Da kika sayar da makarantar kika huta, ba ki sayi gwal ba, ba ki ƙara ɗaki ba. Mota kika saya, shuɗiya mai duhu, ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, daga hannun magadan wani tsohon likitan haƙori da ya saye ta sabuwa ya kulle. Ta haura shekara ashirin a duniya amma agogonta bai kai kilomita dubu goma ba. Ni na raka ki ɗauko ta. Da kika tayar da ita, ƙarar ta shiga mini har ƙirji. A wajen fitilar hanya kika ɗan taɓa totur tana tsaye, mai sayar da jarida ya yi tsalle gefe, kika tuntsire da dariya irin ta yarinya. Kika ce ranar Asabar za mu fita bayan gari, inda hanya ta miƙe bayan gada, mu ga abin da take ɓoyewa.

Kafin Asabar ɗanki na fari ya zo. Ga wanda bai san shi ba, a kamfanin inshora yake aiki, shi ke kimanta motoci, a gida kuma Manaja muke ce masa tun yana ƙarami saboda son ba da umarni. Ya zagaya motar, ya leƙa agogo, ya ɗauki hotuna, ya tafi yana waya. Washegari ya dawo da fuskar mai albishir.

"Umma, wannan ba motar hawa ba ce, ta ajiya ce. Akwai masu tara irinta, kuma wadda ba ta kai dubu goma ba suke nema. Ranar da ta haura, ta zama tsohuwar mota kawai."

Kika ce, "To ai tsohuwa ce ta saya, Manaja."

Bai yi dariya ba. Ya roƙi wata biyu kacal, a gama kimantawa a yi mata takardu. Kika ba shi makulli don ba ki iya hana shi abu ba. Ya kawo masu aiki suka ɗora ta kan jak huɗu don kada tayoyi su kwanta, suka cire batir, suka lulluɓe ta da tamfol, ya canza kwaɗon gareji. Wata biyu suka zama shekara. Duk lokacin da kika yi zancen, sai ya ce darajarta na hawa, a ƙara haƙuri zuwa baɗi. Yakan kawo abokan aikinsa ya ɗaga musu gefen tamfol su leƙa, ke mai ita kina tsaye a bayansu da tiren shayi.

Ni na kai ki wurin likitan ido. A gabana ya ce ganinki yana tsukewa daga gefe, ba kuma zai dawo ba. Ya ce kina da shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu, da za ki iya tuƙi da rana. A hanyar gida ba ki yi maganar makanta ba, maganar motar kika yi. Da yamma kika faɗa wa Manaja abin da likita ya ce, kika roƙe shi makullin motarki da kika saya da guminki. Amsarsa tana kunnena har yau: "Kin ga ma ƙarin dalilin da ya sa bai kamata ki hau ta ba." Na buɗe baki na ce masa matar da ta koya wa rabin garin nan tuƙi ta fi shi sanin ranar da ya kamata ta daina. Ya juyo ya ce, "Kawu, da ka iya ajiya, da ba haka ka ƙare ba." Na miƙe tsaye, kika riƙe mini hannu kika ce, "Yaya, ɗana ne." Na zauna saboda ke.

Kuma kin nuna kin san ranar. Da safiyar da kika kasa ganin madubin gefe ba tare da kin juya kai ba, da ƙafarki kika je ofishin lasisi kika miƙa naki. Babu wanda ya nema. Bayan nan ne Manaja ya ga ba sauran haɗari, ya bar miki kwaɗon gareji a buɗe, makullin mota kuma yana aljihun teburinsa. Kikan shiga ki yaye tamfol, ki zauna a mazaunin direba a motar da tayoyinta ke lilo a sama, ki ɗora hannu biyu kan sitiyari. In na zo na tarar da ke a haka, sai ki buɗe mini ɗaya ƙofar ki ce, "Shigo, Yaya. Ɗaura bel." Mu zauna muna kallon bangon gareji. Na ga wulaƙanci iri-iri a rayuwata, nawa da na wasu, ban ga wanda ya ƙona ni kamar wannan ba.

Ba na cewa ajiya laifi ce. Mutum ya sayi abinsa ya kulle ya riƙa kallo, ruwansa ne, likitan haƙori ma haka ya yi, ya mutu ya bari. Amma wanda zai yi ajiya ya ajiye nasa. Manaja kuwa kwanakin ganin mahaifiyarsa ya ɗauka ya kulle a gareji yana jira su yi tsada.

Saura kwana kaɗan ki rasu, da rana tsaka, muna ɗakin asibiti ni da autarki da Manaja, malamar jinya tana gyara miki ƙarin ruwa. Kika ce a ɗaga miki kai. Kika ce, "Ku shaida, motar nan na ba Yaya kyauta, yanzu, ina cikin hankalina." Manaja ya matso ya ce, "Umma, ki huta, zazzaɓi ne." Kika juya wajen malamar jinya kika ce, "'Yata, akwai zazzaɓi a jikina?" Ta taɓa goshinki ta duba ma'auni ta ce babu. Kika lalubi hannuna kika ce, "Kuma ba don ka ajiye na ba ka ba."

Ga rahoton da nake kawo miki, ƙanwata. Bayan an watse daga makoki autarki ta je ofishin yayanta ta tsaya a kansa har ya fito da makulli, don ta ce ko gaban alƙali za ta maimaita abin da ta ji. Ashe ya riga ya shirya da mai saye zai zo ƙarshen wata. Da muka sauke motar daga jak sai muka tarar ajiyar tasa ta ci ta: fetur ya daskare a tanki kamar danƙo, robobi sun tsattsage, birki ya liƙe, ɓeraye sun yi gida a bayan kujera sun cinye wayoyi. Bakanike ya yi mako yana fama. Da ta tashi, ƙarar nan ce dai, sai da na dafa bango.

Ranar Asabar na fita da ita bayan gari. Na haye gada, hanya ta miƙe, na taka. Ban ɗaga ƙafa ba. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a agogo, har tara-taran nan suka juye gaba ɗaya suka koma sifili, ɗaya ta bayyana a gabansu, dubu goma cif. Ranar Litinin da safe na tsaya a ƙofar kamfanin su Manaja na danna ham ban saki ba, sai da ma'aikata suka cika tagogi, shi kuma ya sauko. Na sauke gilashi na ce, "Manaja, zo ka karanta mini lambar nan, kai ne masaninta." Ya sunkuya ya karanta. Ya ce, "Kawu, ka san abin da ka zubar?" Na ce na sani, kuma gobe zan ƙara.

Ina kuwa ƙarawa. Da ita nake zuwa kasuwa, a rana nake ajiye ta, wani mai amalanke ya riga ya karce mata ƙofa na ce masa ya tafi abinsa. Duk ɗalibinki da ya zo gaisuwa sai na ba shi ya zagaya da ita, tela ya yi, matar nan mai yara huɗu ma ta yi, tana tuƙi tana share hawaye. Kowace safiya ta ƙofar kamfanin inshora nake bi, ko da ba hanyata ba ce. Ana ce mini ke kin yafe masa. Na yarda, halinki ne, ladan kuma naki ne. Ni ban yafe ba, kuma a shekaruna ba na jin zan samu lokacin sauya ra'ayi.

Allah ya jiƙan ki, ƙanwata, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Haƙurin da kika yi da masu tsoro, da wanda kika yi da naki na gida, Allah ya sa ki tarar da shi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga autarki da ta tsaya a kan gaskiya, ga jikokinki, ga sauran dangi, da ɗalibanki da ke kan tituna ko'ina suna kunna sigina kafin su sha kwana saboda ke kika koya musu. Manaja ma ina yi masa ta'aziyya, don uwa ya rasa, wannan ba na musu. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido, ya daɗe yana ganin motar nan tana wucewa.

Duk wannan bai dawo miki da komai ba. Sau ɗaya tak kika tuƙa ta, daga gidan magada zuwa ƙofar gidanki, cikin cunkoson yamma. Giya shida gare ta. Ba ki wuce ta uku ba.